BUSASSHEN ITACE A CIKIN GIDA: DAGA BISHIYAR KIRSIMETI ZUWA ZANA DA HARAWA

Da zarar damina ta ɗauke aka gama girbi, iskar hunturu ta fara kaɗowa daga arewa maso gabas, to ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo takan sake kama. Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Goronyo cikin watan Disamba zai ga dammunan gero da dawa an jibge su a bakin rumbuna, an tsuge kara a bayan gida, an sabunta zana da jinka, sa'an nan an ɗora harawa a kan rufin ɗakuna da cikin rassan itatuwa don kada awaki su kai gare ta. Wannan shi ne arzikin shekara, amma a idon mai nazarin tsirrai abu ɗaya ne duka: jikin tsiro ne wanda ruwansa ya fita. A daidai wannan lokaci kuma, a birnin Sakkwato da sauran manyan garuruwa, maƙwabtanmu Kirista da masu otal da kantuna sukan kafa bishiyar Kirsimeti a cikin ɗaki, su yi mata ado da ƙananan fitilu. Mai karatu zai ce me ya haɗa wannan da wancan? Abin da ya haɗa su shi ne gobara. An yi wa bishiyar Kirsimeti gwaje-gwaje masu yawa a ɗakunan bincike na duniya, kuma abin da aka gano a kanta ya shafi zanar gidanmu kai tsaye.

Asalin bishiyar da haɗarinta

Al'adar shigo da ɗanyen itace cikin ɗaki a yi masa ado ta samo asali ne daga ƙasar Jamus tun wajen ƙarni na 16. Ta yaɗu a Ingila bayan da wata jarida ta Landan ta buga hoton Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat da 'ya'yansu kewaye da irin wannan bishiya a shekarar 1848. Itatuwan da ake sarowa na ƙasashen sanyi ne, dangin fayin da fir, masu ganye siriri kamar allura, jikinsu kuma cike da ƙaro mai ƙanshi. A wancan zamani kyandir ake liƙawa a rassan a kunna. Sai a shekarar 1882 wani abokin aikin Thomas Edison mai suna Edward Johnson ya ɗaura wa tasa bishiyar ƙwayayen lantarki 80 a birnin New York, amma an daɗe bayan haka talakawa suna amfani da kyandir.

A daren 24 ga Disamba 1924, a wata makarantar ƙauye mai ɗaki ɗaya da ake kira Babbs Switch a jihar Oklahoma ta Amurka, iyaye da yara sun taru don bikin Kirsimeti. Kyandir ya taɓa busasshen reshe, bishiyar ta kama. Mutane suka ruga ƙofa, ga shi ƙofar ɗaya ce, kuma ciki take buɗewa, saboda haka turereniyar jama'a ta danne ta. Tagogin kuwa an rufe su da ragar ƙarfe. Mutum 36 suka rasu, da yawansu yara. Bayan wannan ne jihar ta kafa dokar cewa ƙofofin makarantu su riƙa buɗewa waje. Ina roƙon malamai su riƙe wannan labari, domin za mu dawo kansa.

Zuwan lantarki bai kawar da haɗarin ba. A watan Janairu 2015 wata doguwar bishiya da ta bushe ta kama daga matsalar wayar lantarki a wani katafaren gida a Annapolis, mutum 6 suka halaka, kakanni biyu da jikoki huɗu. A ranar 5 ga Janairu 2022 a birnin Philadelphia, mutum 12 suka rasu, 9 daga cikinsu yara, a gobarar da bincike ya nuna ta tashi daga bishiyar Kirsimeti da wani yaro ƙarami ya kusanta wa wutar layita. A lura da watan: Janairu. Wato lokacin da bishiyar ta yi makonni a ɗaki ta gama bushewa.

Ruwa ne garkuwar tsiro

Wuta ba ta ci sai abu uku sun haɗu: makamashi, da iskar oksijin wadda ita ce kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, da kuma zafi. Wannan kowane ɗalibin sakandare ya sani. Abin da ba a cika bayyanawa ba shi ne, itace da kansa ba ya ci kai tsaye. Jikin tsiro galibinsa wani sinadari ne da ake kira selulos. In zafi ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin santigireti, sai selulos ya fara wargajewa yana fitar da tururi mai cin wuta, kuma wannan tururin ne muke gani yana ci a matsayin harshen wuta. To, muddin akwai ruwa a cikin ganye, zafinsa ba zai wuce digiri 100 da nisa ba sai ruwan nan ya ƙafe tukuna.

Ga lissafin. Kafin a ɗaga zafin kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya, ana bukatar kilojul 4.2. Daga digiri 30 zuwa 100 ke nan kimanin kilojul 294. Amma kafin wannan kilo ɗaya ya zama tururi, sai an ƙara masa wasu kilojul 2,260. Ashanar da aka ƙyasta ba ta da wannan ƙarfi, shi ya sa takan mutu a jikin ɗanyen ganye ba ta yi komai ba. Da Bahaushe ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, ba karin magana kawai ya yi ba, kimiyya ya faɗa.

Masu binciken gandun daji na ƙasar Kanada sun auna wannan a kan bishiyar Kirsimeti tun cikin shekarun 1960. Sukan kwatanta nauyin ruwan da ke cikin ganye da nauyin busasshen ganyen. Sun tarar cewa in ruwan ya haura kashi 100, wato ya fi busasshen ganyen nauyi, ashana ba ta iya kunna bishiyar. In ya sauko ƙasa da kashi 50, takan kama cikin sauƙi. In kuwa ya yi ƙasa da kashi 20, to ci take yi kamar an zuba mata kananzir. Daga baya hukumar ma'auni da fasaha ta Amurka ta kafa busasshiyar bishiya a ɗakin gwaji mai kujeru da sauran kaya, aka kunna mata wuta ana ɗaukar hoto. Cikin 'yan daƙiƙoƙi wutar ta kai rufi, kuma ba a cika minti ɗaya ba ɗakin gaba ɗaya ya kama. Wadda aka riƙa ba ta ruwa kuwa, da aka yi mata irin wannan gwaji, wutar ta ɗan ci reshe ta mutu.

Ta yaya itacen da aka sare yake shan ruwa? A cikin kututture akwai siraran jijiyoyi da ke ɗaukar ruwa daga saiwa zuwa ganye. Ganye yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan ruwa yake fita ya zama tururi, kuma fitar tasa ce take jawo wani ruwan daga ƙasa, kamar mai zuƙar fura da tsinken kara. Ko an sare itace, ganyensa bai san an sare ba, yana ci gaba da fitar da ruwa. In gindin yana cikin ruwa, jijiyoyin za su yi ta sha. In aka bar shi a sarari na wasu sa'o'i, iska takan shiga jijiyoyin, ƙaro kuma ya toshe bakinsu, daga nan ko an tsoma shi a ruwa ba zai sha sosai ba. Dalili ke nan da ake ce wa masu ɗanyar bishiya su ɗan yanke gindin sabo kafin su tsoma shi, kada kuma su bari mazubin ya ƙafe ko sau ɗaya.

Ga gwajin da malami zai iya yi da 'yan ajinsa ba tare da kashe kuɗi ba. A tsinko ganyen dogonyaro a auna giram 100, a shanya a inuwa, a riƙa aunawa kowace safiya har nauyin ya daina raguwa. A ce ya tsaya a giram 35. Ruwan da ya fita giram 65 ke nan. A raba 65 da 35 a ninka da 100, za a sami kimanin kashi 186. Sai ɗalibai su zana jadawali su ga a rana ta nawa ganyen ya sauko ƙasa da kashi 50. A yi gwajin a watan Agusta, a sake shi a watan Janairu, a kwatanta. Bambancin da za su gani ya fi duk wani dogon bayani da zan yi a nan.

Tamu bishiyar

A ƙasarmu ba a saro fayin a kai ɗaki. Bishiyar Kirsimeti da ake gani a Sakkwato kusan duka ta roba ce, kuma ba ta bushewa tun da ba ta taɓa zama ɗanya ba. Haɗarinta yana wurin fitilun ne da abin da ke kewaye da ita. Roba in ta kama takan narke tana ɗiga, hayaƙinta baƙi ne mai guba. Igiyoyin ƙananan fitilun nan masu walƙiya, waɗanda yanzu ake ƙawata ɗakin amarya da shaguna da wuraren Mauludi da su, wayarsu siririya ce ƙwarai. In ta zare, ko aka jona da yawa a soket ɗaya, sai ta yi zafi, domin zafin da waya ke fitarwa yakan ninka sau huɗu in ƙarfin lantarkin da ke bi ta cikinta ya ninka sau biyu. Ga kuma halin da muka sani na ɗaukewar wuta: a fita a bar abu a kunne don babu wuta, a kawo ta cikin dare ba kowa a kusa. Saboda haka mai bishiya ya nisanta ta da labule da kyandir da risho da aƙalla mita ɗaya, kada ya kafa ta a bakin ƙofa, ya duba wayar kafin ya rataya, ya zaɓi fitilun zamani marasa zafi, ya kuma zare su daga soket kafin ya kwanta ko ya fita.

Amma in gaskiya za a bi, bishiyar da ta fi damuna ba wannan ba ce. Ita ce gawo ko dogonyaron tsakar gida da aka cika wa rassa da harawa, ga zana a gefensa, ga murhu taku uku daga zanar. Busasshen haki yana musayar danshi da iskar da ke kewaye da shi, kuma saboda sirantarsa cikin sa'a ɗaya ko biyu yake daidaita da ita. Da damina, iska tana ɗauke da danshi mai yawa, jinka takan riƙe ruwa kashi 15 ko fiye. Da hunturu kuwa, danshin iska a ƙasar Sakkwato yakan sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, ruwan da ke cikin kara da haki ya koma wajen kashi 5. A tuna cewa masu bincike sun ce bishiyar da ta yi ƙasa da kashi 20 ta zama abin tsoro. To tamu zanar ta wuce nan da nisa, kuma ba mako uku take yi a gida ba, shekara take yi.

Sai kuma iska. Ita ce ke hura wa wuta oksijin, ita ce ke kwantar da harshenta ya lashi abin da ke gaba, ita ce kuma ke ɗaukar tartsatsi daga wannan jinka ta sauke a waccan. Tsofaffin garuruwa irin Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi kuma aka binne shi a 1837, unguwanninsu a cunkushe suke, lungunan ƙanana, gida yana jingine da gida. A ƙauyuka kuma zanar wannan gida ita ce ta maƙwabci. Gobarar gida ɗaya a irin wannan wuri ta unguwa ce.

Noman rani ya ƙaro wani abu da kakanninmu ba su sani ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a shekarar 1984, ga kuma fadamun Wurno da na Rabah, noman albasa da tafarnuwa da shinkafa da alkama ya bunƙasa, kuma injin ban-ruwa ya shiga gidaje da yawa tare da jarkar fetur. Fetur yana fitar da tururi ko a cikin tsananin sanyi. Tururin ya fi iska nauyi, saboda haka ƙasa yake bi, ya malala kamar ruwa har ya kai ga kasko ko fitilar da ke can gefen ɗaki, wutar kuma ta biyo shi baya zuwa jarka. Ba sai an zubar da man ba, murfin da bai rufu sosai ba ya isa. A ganina babu wani uzuri da zai sa jarkar fetur ta kwana a ɗakin da mutum yake kwana. Tsoron ɓarawo gaskiya ne, amma a gina mata ɗan wuri na ƙasa mai ƙofa nesa da murhu da rumbu da rudun albasa.

Akwai wani abin mamaki da ya kamata masu nazarin halittu su sani. Harawa ko ciyawar da aka tara da sauran danshinta tana iya kama wuta da kanta. Ƙananan halittu irin su bakteriya da funfuna sukan shiga cin ta, numfashinsu yana fitar da zafi, tarin kuma yana riƙe zafin kamar bargo. In ya kai wajen digiri 70 halittun sukan mutu, amma daga nan sinadaran ciyawar sun fara haɗuwa da oksijin da kansu, zafin ya yi ta hawa. Wannan ya fi faruwa a manyan tari da aka danne. Maganinsa a bari ta bushe sosai kafin a tara, in kuma aka ji tarin yana ɗumi yana wari, a baza shi da hankali, da ruwa a kusa.

Ƙofa da taga

Yanzu mu koma ga makarantar Oklahoma. Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makaranta a Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekara aka sake yin irinta a Maraɗi, yara aƙalla 25 'yan shekara biyar zuwa shida suka halaka. Maraɗi ba nesa take ba, gulbinta ma cikin Rima yake zubowa. A farkon Fabrairu 2025 kuma almajirai 17 suka rasu cikin dare a gobarar wata makarantar allo a Ƙauran Namoda ta jihar Zamfara. Dukansu cikin rani. Shekara ɗari ke tsakanin Babbs Switch da Ƙauran Namoda, amma tambayar ɗaya ce: in wuta ta tashi, ta ina yaran za su fita, kuma cikin daƙiƙa nawa?

Rashin tsaro a gabashin Sakkwato ya sa mutane suna ƙara wa tagogi ƙarfe, suna garƙame ƙofofi da kwaɗo tun magariba. Ba wanda zai ga laifinsu. Sai dai ƙarfen da ya hana ɓarawo shiga shi zai hana yaro fita. A ɗakin kwanan ɗalibai, ko zauren almajirai, ko ajin da ya cika, ya kamata a sami mafita biyu, ƙofa ta buɗe waje, a yi wa aƙalla taga ɗaya ƙarfe mai buɗewa daga ciki, mabuɗi kuma ya kwana a wurin da kowa ya sani ba a aljihun mutum ɗaya ba. Shugaban makaranta ya gwada sau ɗaya kowane zango: a buga ƙararrawa ba sanarwa, a duba agogo. In ajin bai fita cikin minti ɗaya ba, gwajin bishiyar nan ya riga ya gaya mana abin da zai faru.

Mafi yawan waɗanda gobarar cikin gida ke kashewa hayaƙi ne yake gamawa da su kafin harshen wuta ya taɓa su. A cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama jan sinadarin jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Mai barci ba ya farkawa. Irin wannan iska ce kaskon gawayi yake fitarwa in an shiga da shi ɗaki an rufe ƙofa saboda ɗari, ita ce kuma janareta ke fitarwa in an kunna shi a zaure. Hayaƙi mai zafi sama yake yi, don haka wanda gobara ta rutsa da shi ya duƙa ya yi rarrafe zuwa ƙofa, in ya fita kuma kada ya koma ɗauko kaya.

Ba kowace wuta ake kashewa da ruwa ba. Ta zana da kara da katifa, ruwa ne maganinta. Ta man gyaɗa a kaskon suya kuwa, in aka watsa mata ruwa, ruwan yakan nutse ƙarƙashin man ya zama tururi nan take ya fesa wutar sama, saboda haka murfi za a kifa a kai. Ta fetur da kananzir, yashi ko ƙasa. Ta lantarki, a fara kashe layin tukuna. Randar ruwa a cike da bokitin yashi kusa da madafa ba su da tsada, ga shi motar kashe gobara kafin ta iso ƙauyen da ke bayan Goronyo ko Rabah, wutar jinka ta daɗe da gama aikinta. Idan tufafin mutum suka kama, gudu yana ƙara wa wutar iska ne, sai ya tsaya, ya kwanta, ya yi birgima, na kusa kuma su lulluɓe shi da bargo ko tabarma.

Wurin ƙuna a zuba masa ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi har tsawon minti 20, domin zafi yana ci gaba da cin nama a ƙarƙashin fata bayan wuta ta mutu. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, amma kada a fizge tufar da ta manne. Ɗanyen ƙwai da man goge baki da baƙin mai da gishiri da kamu, waɗanda aka saba shafawa, ba sa fitar da zafin, sai dai su kai ƙwayoyin cuta cikin rauni su kuma wahalar da likita wajen wankewa. Kada a fasa bororon. A rufe wurin da ƙyalle mai tsabta, a lulluɓe sauran jikin don kada sanyi ya kama majiyyacin, musamman ƙaramin yaro a lokacin hunturu. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta fuska, ko ta hannu, ko ta al'aura, ko kowace irin ƙuna a jikin jariri, asibiti za a kai ta a ranar.